Yadda Aka Mayar da Ƙanwata Mai Duba Tsakanin Roni da Babura

Bari in fara da gyara, tunda kowa ya riga ya ba da labarin tafiyar nan ban da ni da na yi ta. Ba wurin boka muka je ba. Ƙanwata Sahura ba ta da aljanu, ba ta duba, ba ta bugun ƙasa. Lissafi take yi, irin wanda ni da ku muka yi a firamare muka manta. Ku ƙawayena da kuka dame ni da kira, "Hindatu, wai da gaske ne?", ga shi na rubuta sau ɗaya. Wadda ta sake tambayata bayan wannan, wallahi kashe wayar zan yi.

Ga waɗanda ba su san ta ba, Sahura ce autarmu, tana aji shida a firamare a nan Roni. Wata ƙungiya ta tsofaffin malaman makaranta ta shirya gasar lissafi ta 'yan mata. Aka yi zagayen farko a kowace ƙaramar hukuma, ita ta zo ta ɗaya a tamu. Zagayen ƙarshe a Babura aka sa shi, kuma biyun da suka fi kowa za a ɗauke musu nauyin karatu a makarantar kwana ta kimiyya. Gidanmu ba mu da halin makarantar kwana. Ni da na yi sakandaren jeka-ka-dawo na san abin da na rasa, don ɗakin gwaje-gwaje a hoton littafi kawai na gan shi. Wannan gurbin shi muka je nema, ba wani abu ba.

Baba bai so tafiyar ba. Shi yake jan salla a masallacin unguwarmu in liman ba ya nan, kuma mutum ne mai gudun abin magana. Da ƙyar ya yarda, shi ma da sharuɗɗa. Ni zan raka ta. Gidan ƙanwarsa Gwaggo Lami za mu sauka a Babura. Abin da Gwaggo ta ce shi za mu yi. Kuma kada ya ji sunan gidansa a bakin kowa. Na ce to, Baba.

Sai kun san yadda yarinyar nan take lissafi kafin ku gane sauran. Ba ta yarda da lamba sai ta gan ta da idonta. Ka ce mata ɗaya, uku, shida, goma, wace lamba ce ke biye? Sai ta tsuguna, ta share ƙasa da tafin hannu, ta yi ɗigo ɗaya da ɗan yatsa, ƙarƙashinsa biyu, ƙarƙashinsu uku, sannan huɗu. Ta dube su, bakinta yana motsi, ta ƙara layin biyar, ta ce sha biyar. Ta shafe, ta ce a ba ta wata. Tun tana ƙarama haka take yi a tsakar gida saboda takarda ba ta isarta, kuma mu da muka saba gani bai taɓa zuwa mana a rai cewa abin yana kama da wani abu ba. To yana kama. Duk wanda ya taɓa ganin mai bugun ƙasa a bakin kasuwa ya san haka yake yi: ya share rairayi, ya jera ɗigo layi-layi, ya yi ta motsa baki, ya shafe.

Daga Roni zuwa Kazaure babu abin faɗa, sai kajin wani tsoho da aka ɗaure aka tura ƙarƙashin ƙafafuna, ɗaya ta yi min abin da ta ga dama a kan takalmi. Tsohon ya ce alamar arziki ce. Na ce Baba, da ka riƙe arzikinka a cinyarka.

A tashar Kazaure aka fara. Motar Babura ba ta cika ba, ɗan kamasho yana ta ihun saura mutum biyu, alhali rabin waɗanda ke zaune a ciki abokansa ne da za su sauka in fasinjan gaske ya zo. Muka samu inuwa, na ce bari in yi wa Sahura bita. Ta tsuguna tana ɗige-ɗigenta. Kusa da mu wani ɗan kasuwa yana faɗa da direban da ya kawo masa takin zamani. An jera buhunan jikin bango, tara a ƙasa, takwas a kansu, bakwai a kan waɗannan, haka dai ana ragewa. Mai taki ya rantse buhu arba'in da biyar ya loda, direba ya rantse duk abin da aka loda ya sauke. Aka ce a ƙirga, kowa ya ƙirga ya samu nasa daban, don ana ƙirgawa ana zagi.

Sahura ta ɗaga kai ta dubi buhunan sau ɗaya, ta koma ƙasa ta jera ɗigonta, ta ce, "Baba, arba'in da biyu ne. Da za a cika layin biyu da layin ɗaya, da sun kai yadda ka ce. Uku ne babu."

Na ce mata, "Wa ya sa da ke?" Amma magana ta riga ta fita. Aka sauke buhunan ɗaya-ɗaya, arba'in da biyu. Aka je aka ɗaga tamfol a bayan motar direba, ga buhu uku da aka manta ba a sauke ba. Shi ke nan. Mai taki ya zo ya tsaya a kan ɗigon yana kallo, ya cire hula ya mayar, ya ce, "Ko taɓa buhun ba ta yi ba. A ƙasa ta gani."

Na ce, "Malam, tara da takwas da bakwai har zuwa uku ta tara. Kai ma in ka nutsu za ka iya."

Ya ce, "Haka ne, 'yata, haka ne. Allah Ya ƙara rufa asiri." Ya saya mata kifi soyayye da lemo.

A motar Babura aka ba mu kujerar gaba, abin da ba a taɓa yi min ba tunda nake. Na ɗauka mutunci ne. A bayanmu akwai wata mata 'yar Gwiwa mai sayar da man gyaɗa, da jarkokinta da wayarta, kuma tun kafin mu fita daga gari ta kira mutum uku. Ina jin ta. A kira na farko buhu uku ne. A na biyu sun zama goma. A na uku ɓarawo ya faɗi ƙasa yana kuka yana neman gafara. Na juya na ce, "Inna, ki ji tsoron Allah, ina wurin fa." Ta rufe wayar da hannu ta ce, "Ke ce yayarta? Ai dole ki ɓoye, 'yar nan. Haka ake so." Sannan ta tambaye ni gidan wa za mu sauka, ni kuma da bakina na gaya mata. Ashe Gwaggo Lami wurinta take sarin mai.

Kowa a motar nan yana da abin da yake son sani. Wani yana son ya san ko matarsa namiji za ta haifa. Wani ɗan'uwansa ya tafi cirani ba a ji ɗuriyarsa ba. Direba ma ya ce a duba masa abin da ke cin taya a motarsa. Na ce lodi ne, kuma ba sai an duba ba. A Kanya Babba muka tsaya a sauke kaya, kafin in sayo ruwa in dawo wata ta miƙo wa Sahura jaririnta ta taga wai ta tofa masa. Ita kuwa Sahura dariya take yi tana cin kifinta, ta ɗauka wasa ne. Ni ma a lokacin haushi kawai nake ji, ban fara tsoro ba.

Gwaggo Lami ta tarbe mu tun daga bakin titi, abin da ba halinta ba ne. Matar da in ka je gidanta sai ka yi sallama uku kafin ta ɗago daga kan turmi. Ta rungume Sahura, ta ce, "Uwata, uwata ta kaina," don sunan kakarmu aka sa mata. Ni ko kallona ba ta yi ba. Ta dafa shinkafa da wake da mai da yaji har da ƙwai. Muna gama ci ta ce mu sa hijabi, an yi haihuwa a gidan yayan mijinta, za mu je barka mu dawo.

Na ce, "Gwaggo, gobe da safe ne gasar. Yarinyar nan tana buƙatar hutu."

Ta ce, "Nan ne fa bayan gari. Kafin la'asar mun dawo. Ko ubanku bai ce ku bi maganata ba?"

Ya ce. Shi ya sa na hau babur.

Bayan garin Gwaggo ba ya ƙarewa. Muka bar kwalta muka shiga burji, muka bar burji muka shiga hanyar shanu tsakanin gonakin gero da bai wuce gwiwa ba. Muka tsallake wata busasshiyar ƙorama mai yashi, sai da muka sauka aka tura baburan. Can na ga wani guntun turken siminti a tsakiyar gonar wani, akuya tana ɗaure a jikinsa. Ɗan acaɓan da ya ɗauko ni ya ce, "Hajiya, sannu da zuwa Nijar." Na ɗauka ba'a yake yi. Na ciro waya, babu sabis ko ɗigo. Wannan turken da akuyar su ne iyakar da kuke ta tambayata yadda take. Ba wanda ya tambaye mu takarda, akuyar ma ba ta ɗago kai ba.

Gaskiya ɗaya zan faɗa, mutanen can sun iya karɓar baƙo. Kafin mu zauna an kawo fura mai sanyi a ƙwarya, da nono wanda ba a yi masa haɗi da ruwa ba. Hausarsu tamu ce, sai dai kowa "lahiya lau" yake, makaranta lakwal ce, malamin makaranta mushe, ɗan acaɓa ɗan kabu-kabu. Burodinsu dogo ne kamar taɓarya, ɓawonsa yana yanka dasashi, amma in an tsoma a miya ba a magana. Shayi kuma ba kamar namu ba ne da za a cika maka kofi ka sha ka tashi. Ɗan mitsitsin kofi ne, ana dafawa ana zubawa daga sama, na farko ɗaci kamar maɗaci, kuma in ka tashi kafin na uku ka yi rashin kunya. Ni da ko jiran tafasar ruwa ba na iya yi, aka zaunar da ni shayi uku.

Na ce ina jaririn? Aka kawo min wani yaro da yake tafiya da ƙafarsa, har da haƙora. Na dubi Gwaggo. Gwaggo ta dubi rufin ɗaki.

Sai maigidan ya shigo, Alhaji Mamman, dattijo mai farin gemu, ya zauna a bakin ƙofa. Bayansa wata mata ta shigo da faranti cike da rairayi mai laushi, wanda aka tankaɗe da rariya, ta ajiye a gaban Sahura. Alhaji ya ce shanun nomansa biyu ne, an wayi gari babu ɗaya. Ga damina ta kama, ga huɗa ba a gama ba, kuma sa ɗaya ba ya jan garma. Ya ce ya yi cigiya kasuwa-kasuwa, ya gaji. Ya ce, "Ɗiyata, don girman Allah ki duba muna."

Ban ji daɗin ganin dattijo kamar wannan yana roƙon 'yar firamare ba. Abincin gidansa na shekara ne a kan san nan. Amma tausayi ba ya mayar da lissafi duba. Na durƙusa na ce, "Baba Alhaji, ka yi haƙuri, an yi maka ƙarya. Yarinyar nan ɗalibar makaranta ce. Ba ta san gaibu ba, babu wanda ya sani sai Allah."

Ya ce, "Wannan gaskiya ne. To ta dai taɓa ƙasar."

Sahura ta dube ni, ta dubi farantin, ta ce da ƙaramar murya, "To a ba ni lambobin farko."

Wata tsohuwa ta ce, "Kun ji, lamba take aiki da ita. Na zamani ne."

Da na ga bakina ba zai yi ba, na ce a kira min malamin makarantar garin, ai shi zai gane. Aka kira Mushe Isa, wani siriri mai tabarau, da alli a aljihun riga. Na yi masa bayani, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce a bar shi da su. Ya tsuguna ya ce wa jama'a su kalla da kyau, zai nuna musu abin lakwal ne kawai. Ya ce wa Sahura, "Biyu, shida, sha biyu, ashirin. Akwai wadda ke biye, na riƙe ta a raina. Mece ce?"

Ta share rairayin. Ta yi ɗigo biyu a layi ɗaya. Gefe ta yi layi biyu na uku-uku. Gefe layi uku na huɗu-huɗu, sannan layi huɗu na biyar-biyar. Sai ta jera layi biyar na shida-shida, ta ce, "Talatin."

Mushe ya tafa hannu ya ce, "Ita ce! Wallahi ita ce a raina!"

Kun ga inda ya kashe mu. Ɗakin nan ya ɗauki salati. Tsohuwar ta ce, "Ta faɗi abin da ke cikin zuciyar mushe!" Mushe ya yi ta ɗaga hannu yana cewa a'a, ku tsaya, ku ga layukan, kowane yana ƙaruwa da ɗaya. Ina! Masu leƙe ta taga sun riga sun watsa a gari. Mushe ya dube ni ya ce, "Madam, na ɓata miki aiki." Na ce ka ɓata.

Na miƙe na ce a kira masu babur, yanzu za mu tafi. Ina rufe baki hadarin da ya haɗo tun muna shan shayi na biyu ya sako ruwa kamar da bakin ƙwarya. Da ya tsagaita 'yan kabu-kabu suka je suka dawo suka ce ƙoramar nan ta kawo, ko raƙumi ba zai tsallaka ba sai da safe. Na ce wa Gwaggo abin da ban taɓa zaton zan faɗa wa ƙanwar ubana ba. Na ce, "Gwaggo, in yarinyar nan ta rasa gurbin nan, ke ce." Ta ce ba ni da kunya, ta ce taimakon Musulmi ta yi, ta ce wanda Allah Ya ba baiwa ba ya rowa da ita. Muka kwana ɗaki ɗaya ba mai yi wa wani magana. An ba mu dambu da zogale da ƙuli, mai daɗi ƙwarai, na ci ina jin haushin daɗinsa. Sahura ba ta ci ba. Tun da aka yi salatin nan dariyarta ta ɗauke. Da aka shigo da farantin rairayin aka ajiye a kusurwar ɗaki, wai ko za ta ga wani abu, sai ta juya masa baya.

Da safe ruwan ya ragu zuwa ƙugu. Wasu samari suka ɗaga baburan a ka, ni na goya Sahura, Gwaggo tana baya tana kiran sunayen waliyyai. Alhaji Mamman da kansa ya rako mu har bakin ruwa da kaza a hannu, wai tukuici. Na ce ba mu yi aikin komai ba, ba za mu karɓa ba. Gwaggo ta karɓa.

Muna hawa tudu bayan ƙoramar waya ta dawo da rai, kiran Baba ya shigo. Bai amsa gaisuwata ba. Ya ce, "Hindatu, me nake ji a masallaci? 'Yata ce take duba a tasha?" Na ce Baba, ƙarya ce, zan yi maka bayani. Ya ce, "Kuna ina?" Na dubi gonar gero, na dubi zanena da ke ɗigar ruwa, na ce muna hanyar wurin gasa. Ya ce ana gamawa mu kamo hanyar gida.

Mun tarar an fara. Makarantar firamare ce, an jera 'yan matan a aji ɗaya, iyaye da malamai suna ƙarƙashin bishiyar darbejiya. Shugaban masu shiryawa, wani tsohon hedimasta, ya dubi laka a ƙafafunmu ya ce ta shiga, amma ba za a ƙara mata lokaci ba. Wannan adalci ne, ban yi musu ba. Abin da ya ƙona min rai a bakin ƙofa ya faru. Mai tsaron ajin, wani matashin malami, ya duba sunanta ya ce da ƙarfi, "Au, ke ce ta Ronin? To nan dai ba a buga ƙasa." Wasa yake yi. 'Yan ajin suka yi dariya, wasu suka ja kujerunsu nesa da ita.

Ina hango ta ta taga. An ba kowa farar takarda ta gwaji ban da ta amsa. Na san Sahura, da a gida ne kafin ka ƙifta ido ta cika takardar nan da ɗigo. Na ga ta ɗauki fensir ta kai kan takardar, ta ɗaga kai ta ga ana kallonta, ta ajiye. Haka ta yi ta yi. Ta haɗe hannuwa a ƙarƙashin tebur tana lissafi da ka, kamar mai ɓoye abin sata.

Da aka fito na karɓi takardar gwajin, fara fat. Na ce, "Me ya hana ki zanawa?" Ta ce, "Yaya, cewa za su yi duba nake." Na tambaye ta abin da aka tambaya. Akwai ta tsinken ashana: an yi akwati ɗaya da tsinke huɗu, akwati biyu a manne da tsinke bakwai, uku da tsinke goma, to akwati goma tsinke nawa? Ta ce ta rubuta arba'in. Na ce zana min. Ta waiwaya ta ga ba mai kallo, ta ja layuka a bayan takardar, tun kafin ta kai akwati na huɗu ta ce, "Talatin da ɗaya ne. Kowane sabo uku yake ci, bango ɗaya na maƙwabcinsa ne." Sai ta fashe da kuka. Irin wannan tambayar tana yin ta tana tauna rake.

Bayan azahar aka faɗi sakamako. Wata 'yar Kazaure ta ɗaya, wata 'yar Babura ta biyu. Sahura ta uku, da tazarar tambaya ɗaya. Aka ba ta jakar makaranta, aka shafa mata kai. Gwaggo ta ce, "To ai ta uku ma ba laifi." Ko gidanta ban koma ba, na aika aka ɗauko mana jakarmu muka wuce tasha.

A gida Baba bai yi faɗa ba, kuma da ya yi faɗan da ya fi min sauƙi. Ya zaunar da mu a zaure ya ce Sahura ta yi abin da take yi a gabansa. Ta ƙi. Ya ce umarni ne. Ta tsuguna ta jera ɗaya, biyu, uku, huɗu. Ya daɗe yana kallo, ya sa ta yi masa bayani, ya ba ta wata da kansa ta amsa. Ya ce, "Wannan ai lissafi ne tsagwaronsa." Na ce Alhamdu lillahi. Ya ce, "Amma ba kowa zan bi gida-gida in gaya wa ba. Daga yau kada in ƙara ganin yatsanta a ƙasa." Na buɗe baki, ya ɗaga min hannu.

Kamar abin bai isa ba, sai ga saƙo daga Gwaggo wai an ga san Alhaji Mamman a wani ƙauye, ya bi garken Fulani ne, kuma duk yankin an san albarkacin wa. Na yi masa murna, har ga Allah. Amma tun ranar sallama ba ta yanke a ƙofar gidanmu ba. Jiya wata ta zo daga Gwiwa a kan ɗan kunnen zinariya. Sahura kuwa ko littafin lissafi ba ta buɗewa, in na ba ta tambaya sai ta ce kanta yana ciwo. Gurbin ya tafi, wannan na haƙura. Wannan ciwon kan ne ban haƙura da shi ba.

Na tambaya, an ce akwai jarrabawar shiga makarantun kwana ta jiha da za a yi nan gaba, kowa yana iya zama. Zan yi mata rajista, ni zan kai ta, kuma ko a tasha za mu kwana ba za mu sauka gidan kowa ba. Kafin nan, Baba ƙasa ya hana, bai hana bango ba. Na roƙe shi bangon zaure na waje, wanda ke kallon titi, ya ce in dai alli ne ba ruwansa. Gobe zan shiga Kazaure in sayo baƙin fenti in mayar da bangon allo. Kullum bayan la'asar ni zan fara tsayawa in jera ɗigon da hannuna, manya-manya, inda duk mai wucewa zai gani, har ranar da Sahura za ta gaji da kallon kuskurena ta ƙwace allin. Duk wanda ya zo neman sa ko ɗan kunne kuma, ga tabarma, ya zauna. Ba zai tashi ba sai ya faɗa min lambar da ke bin sha biyar, kuma ya nuna min yadda ya samo ta.